Jan zaren da ya koɗe a idona

Ni tela ce. A Makka aka haife ni, a nan aka yi mini aure. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Kano, suka yi shekaru a Sudan suna noma suna tara guzuri, kafin su tsallako daga Sawakin zuwa Jidda. Gidanmu yana wajen Shara Mansur, inda in ka rufe ido ka saurari hayaniyar kasuwa sai ka rantse a Fagge kake. Irin gidajen nan ne da in mace ta ce ƙafarta ta yi nauyi, kafin ta rufe baki an faɗa mata sunan ciwon, an aiki yaro ya sayo maganin.

Ina da shekara 26 ciwon jijiyoyin da nake fama da shi, wanda ake ce wa MS, ya faro, kuma daga zare ya faro. Ƙarshen Sha'aban ne, ɗinkin sallah ya fara taruwa. Wata mata ta kawo jan yadi za a yi wa 'yarta riga, na ɗauko zaren da ya dace, na ɗora a kan yadin, sai na ga kamar bai hau ba. Na canza wani, shi ma haka. Can na rufe idon dama da tafin hannu, sai jan nan ya koma kamar atamfar da ta sha wanki da rana. Na buɗe, na rufe na hagu, ja ya dawo jawur. Kwana biyu kafin nan dama ina jin ciwo a bayan idon hagun, ba ciwo mai tsanani ba, sai in na juya ƙwayar idon gefe nake jin kamar ana jan wani abu daga ciki. Kafin mako ya zagayo, tsakiyar abin da nake kallo da wannan idon ya yi hazo, kamar gilashin mota da aka shafa wa mai.

Inna ta ce ɗinkin dare ne. Na yarda, don gaskiya ina kaiwa ƙarfe 2 a kan keke. Na je shagon masu tabarau, aka gwada ni, aka sa gilashi aka cire, babu wanda ya gyara hazon. Mai shagon ya ce in ga likitan ido. Na ce to, bayan sallah. Ina wanke idon da zamzam, ina sa kwalli. Kafin Shawwal ya ƙare gani ya dawo kusan yadda yake, muka yi wa Allah godiya, maganar likita ta bi ruwa.

Wannan tafiyar da ciwon ke yi ita ce ta yaudare ni shekara 5. Abu ya zo ya yi makonni ya wuce da kansa, wa zai ɗauki kuɗi ya kai asibiti a kan abin da ya riga ya wuce? Kuma duk maganin da kake sha a lokacin da ya tafi, shi za a ba lada.

Bayan shekara guda da 'yan watanni, muka je ɗawafi da dare ni da Yaya. Duk wanda ya taɓa taka filin ɗawafi ya san sanyin farin marmaran nan, wanda aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, wanda ko da azahar ba ya ƙona ƙafa. Tun ina yarinya nake son wannan sanyin. A daren nan ƙafar dama tana jin sa, ta hagu ba ta ji. Ina takawa, ina ganin ƙafata a ƙasa, amma kamar na sa safa uku. Na ce, "Yaya, tsaya, wani abu ya manne mini a tafin ƙafa." Ta duƙa ta duba, ta ce babu komai. Washegari abin ya hau zuwa gwiwa, bayan kwana 3 ya kai ƙugu, da wani yam-yam kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata. In na zuba ruwan alwala, a dama ruwa ne, a hagu wani abu ne daban da ban san sunansa ba.

Wannan karon sanyi aka ce. Mu Hausawa sanyi ba abin da ba ya ɗauka. Aka ce zaman mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, aka hana ni kwana a ƙarƙashinsa, aka shafa man zaitun da habbatus sauda, aka yi mini ƙaho a gadon baya. Mako 5 ko 6, ƙafa ta farfaɗo. Gwaggo ta ce, "Ai na faɗa muku, ƙaho ba ya ƙarya."

A tsakanin nan wani abu ya shigo wanda na daɗe ban gaya wa kowa ba, don ni kaina tsoro yake ba ni. In na sunkuyar da kai, ko a kan keke zan zura zare ko a ruku'u, sai wani abu ya tsarga daga ƙeyata ya bi tsakiyar baya har yatsun ƙafa, kamar na taɓa wayar lantarki. Daƙiƙa ɗaya, ya ɗauke. Da farko keken na zarga, na sa aka kira mai gyara ya duba ko yana ja. Da abin ya same ni a cikin salla, nesa da kowace waya, sai zuciyata ta tafi inda zuciyar kowace Bahaushiya za ta tafi. Abu ya riƙa kama mutum a ruku'u? Na gaya wa Inna cikin raɗa. Aka kai ni ruƙya. Ba na raina ruƙya, har gobe ina tofa wa kaina Falaƙi da Nasi, kuma malamin da aka kai ni wajensa mutumin kirki ne, ya karanta, bai ga wata alama ba, ya ce wa Inna, "Hajiya, ku haɗa da asibiti." Mu ne muka ji rabin maganar muka bar rabi.

Amma cikin duka abin da ya fi ci mini rai gajiya ce, don ita ba ta da shaida. Ido in ya yi hazo ana tausaya maka. Gajiya kuwa sunanta lalaci. In tashi da safe bayan na yi barci isasshe, in share ɗaki ɗaya, sai in ji kamar na yi safa da marwa sau biyu a jere. Wajen azahar jikina ya zama buhun siminti. Na rage karɓar ɗinki, masu kawo kaya suka fara cewa na yi kuɗi na fara wulaƙanci. Uwar mijina, Allah ya ba ta lafiya, ba muguwa ba ce, amma ta haifi 9 tana daka tana surfe, ta kasa gane yarinya mai ɗa ɗaya da injin wanki tana kwance da rana tsaka. Wata rana na ji tana ce wa maƙwabciya, "Yaran yanzu, jikin madara." Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Akwai kuma na fitsari, wanda kunya ta sa ko Inna ban gaya wa ba. Ya taso gaba ɗaya babu sallama, in ban samu wuri cikin minti biyu ba an samu matsala. Na daina zuwa Harami sai na san ban sha ruwa ba, na haddace inda kowane banɗaki yake tun daga tashar mota. Na je saidaliyya, wato kantin magani, sau biyu na ce ina da ciwon sanyi na mata, aka ba ni magani, babu abin da ya canza.

Ku duba yadda na rarraba ciwo ɗaya. Ido na kai wa mai tabarau. Ƙafa na kai wa mai ƙaho. Tsargawar baya na kai wa malam. Fitsari na kai wa mai saidaliyya. Gajiya na bar wa kaina. Kowa na ba shi ƙyalle ɗaya, ba wanda ya ga yadin gaba ɗaya, har ni mai yadin.

Da na samu ciki na biyu, sai komai ya lafa. Watannin ƙarshe ma na fi kowane lokaci jin ƙarfi, har na ɗinka kayan jariri da kaina. Na ce Allah ya yaye. Na haihu lafiya, mace, cikin tsakiyar zafi, lokacin da Makka ke haura digiri 45.

Gwaggo ta tare a gidanmu don wankan jego. Duk da muna Makka ba mu bar wannan ba: ruwa ya tafasa a babbar tukunya, ganyen darbejiya, safe da yamma, ga kunun kanwa. A haihuwar fari na yi shi lafiya lau. Wannan karon, ranar farko da ta fyaɗa mini ruwan, kafin a gama idon hagun nan da ya warke kusan shekaru 5 da suka wuce ya rufe da hazo, ƙafafuna suka narke, sai da ta riƙo ni muka fito. Na kwanta a ƙarƙashin mukayyif, kafin awa ɗaya ido ya washe, ƙafa ta dawo. Da yamma aka sake, abin ya sake. Na ce, "Gwaggo, ruwan nan yana kashe mini jiki." Ta ce, "'Yar nan, ɗanyen jiki ne, shi ya sa ake gasa shi. In ba ki gasu ba, nan gaba za ki kumbura." Na yi shiru, don ba a musu da Gwaggo a kan jego. Sai a lokacin na tuna cewa ko a kicin, in na daɗe a kan tukunyar tuwo, ganina yakan dushe, in na fito na sha iska ya dawo. Ban taɓa haɗa su ba.

Mun yi arba'in da kamar mako 3, ƙafar dama, wadda ba ta taɓa ba ni matsala ba, ta fara ja. Silifa ya riƙa zamewa ban sani ba, yatsuna suna tuntuɓe da bakin darduma. Na hau keke, na kasa daidaita feda. A kwana na uku na miƙe da jaririya a kafaɗa, ɗakin ya juya, na tafi luu sai bango ya tare ni. Allah ya tsare, ban sake ta ba. Maigidana yana tsaye a bakin ƙofa ya gani. Bai tambayi kowa shawara ba, ya ce, "Ɗauko abayarki."

A hanya shanyewar ɓarin jiki muke tsoro, kuma shi aka fara dubawa. Da aka ga ba shi ba ne, aka tura mu wajen likitar jijiyoyi da ƙwaƙwalwa a Jidda. A nan zan ce mun yi sa'a, muna da iƙama, wato takardar izinin zama, yana da inshora ta wajen aiki. Na san 'yan'uwa da yawa a unguwarmu da ba tsadar asibiti kaɗai ke hana su zuwa ba, har da tsoron a tambaye su takarda. Da ina cikinsu, wataƙila har yau sanyi ake yi wa magani.

Likitar ba ta fara da ƙafar da na kawo mata ba. Ta ajiye biro ta ce in koma baya. "Idonki ya taɓa yin hazo, ɗaya ban da ɗaya? Da ciwo in kin juya shi?" Na ce eh. "Wani sashe na jikinki ya taɓa mutuwa na kwanaki ya dawo?" Eh. "In kin sunkuyar da kai kina jin kamar lantarki?" Na dube ta, na dubi maigidana, don shi ma bai san wannan ba. "Fitsari fa?" Na sunkuyar da kai, sai ga lantarkin kuwa. Sannan ta ce, "In kin yi wanka da ruwan zafi, yaya kike ji?" A nan na fashe da kuka. Shekara 5 ina ɓoye abubuwa ɗaya-ɗaya kamar kayan sata, ga wata baiwar Allah da ba ta taɓa ganina ba tana lissafo mini su a jere.

Aka sa ni a na'urar MRI, kusan awa guda ina kwance cikin rami mai ƙara kamar ana sassaƙa turmi, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da laka. Aka ɗebi ruwa daga ƙashin bayana. Inna ta so hanawa, don ana cewa allurar baya tana gurgunta mutum. Abin da na samu kawai ciwon kai ne na 'yan kwanaki, mai lafawa in na kwanta. Aka ɗebi jini aka duba suga, da bitamin B12, don ƙarancinsa ma yana kashe ƙafa haka, da wani ciwon mai kama da wannan da ke kama jijiyar ido da laka, wanda likitar ta ce ya fi yawa a baƙar fata kuma maganinsu ba ɗaya ba ne, dole a bambance.

Ranar sakamako likitar ta juyo mana kwamfuta, ta nuna fararen ɗigo-ɗigo a hoton, wasu a ƙwaƙwalwa, ɗaya a laka daidai wuya. Ta ce wasu tsofaffi ne, wasu sababbi. Sunan ciwon da Larabci at-tasallubul muta'addid, a Turance maltiful sikilerosis, ana taƙaita shi MS. Da muka dawo gida na faɗa wa Inna, ta dafe ƙirji ta ce, "Sikila? A zuriyarmu?" Sai da na yi da gaske kafin ta yarda ba su haɗa komai ba sai kamannin suna.

Yadda na fahimci bayanin, da kekena na fahimce shi. Akwai lokacin da ɓera ya gaigaye robar wayar feda, keke ya riƙa yi yana tsayawa, wataran lafiya, wataran sai an jijjiga. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka da na ido su ma suna da rigar da ta lulluɓe su, ana ce mata mayelin, ita ke sa saƙo ya yi gudu. A wannan ciwon garkuwar jikin mutum ce ke kuskure ta far wa rigar. Inda ta gaigaya, nan alama za ta fito: jijiyar ido, sai hazo da koɗewar launi, laka, sai mutuwar ƙafa da matsalar fitsari, wajen da ke riƙe daidaito, sai jiri da tangaɗi, wasu har su riƙa ganin abu biyu-biyu. Kumburin ya sauka, jiki ya ɗan yi faci, alama ta tafi, tabo ya zauna. Kusan 85 cikin 100 na masu ciwon da haka yake fara musu, ya zo ya tafi. Ya fi kama mutane tsakanin shekara 20 zuwa 40, mata sun ninka maza sau biyu ko fiye, kuma masu shi a duniya sun kusa miliyan 3. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba sammu ba ne, tun 1868 wani likitan Faransa mai suna Sharko ya bayyana shi a birnin Faris.

Na tambaye ta ko wankan jego ne ya jawo mini. Na ga maigidana ya gyara zama, don da ta ce eh, ban san yadda za a kwashe da Gwaggo ba. Ta ce a'a. Zafi ba ya sabon rauni, sai dai jijiyar da rigarta ta riga ta lalace ba ta jure shi. Jiki ya ɗan ɗumama ko da rabin digiri ne, saƙo ya tsaya, jiki ya huce, ya ci gaba. Har ta ce kafin a samu MRI, likitoci da kansu sukan sa mutum a bahon ruwan zafi su ga ko alamun za su fito. Ashe gwajin da aka daina yi a asibiti shi Gwaggo ke yi mini safe da yamma da ganyen darbejiya. Amma jan ƙafar da ya kawo ni sabon tashi ne na gaske, kuma lokacinsa ne: ciwon yakan lafa a ƙarshen ciki, ya taso a watanni 3 na farko bayan haihuwa.

Ta koya mini yadda zan bambance. Abin da ya zo da zafi ko gajiya ko zazzaɓi ya tafi da na huta, tsohon tabo ne ke magana. Sabuwar alama, ko tsohuwa da ta tsananta, ta wuce awa 24 babu zazzaɓi babu wani ciwo a jiki, wannan in kira su. Abin da kuma ya faɗo farat ɗaya, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ba a jiran awa 24, ba a jiran ko ɗaya, asibiti ake nufa a guje, don wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Nawa duka a hankali suka riƙa shigowa, cikin sa'o'i da kwanaki.

Aka yi mini ƙarin ruwa na kotizon mai ƙarfi, maganin sauke kumburi, kwana 5, bakina ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe, barci ya ƙaurace. Ƙafar ta dawo a hankali, da taimakon masu gashin ƙashi da motsa jiki, ko da yake har yanzu in na yi doguwar tafiya tana tuna mini. Sannan aka ɗora ni a kan maganin da ke rage tasowar ciwon, ƙarin ruwa duk wata 6. Ba ya warkarwa, an faɗa mini wannan ƙarara, tsare abin da ya rage yake yi. Wannan kalmar, abin da ya rage, ita ce ta hana ni barci a makon farko, ina lissafin ɗigon da ke hoton, ina tunanin nawa ne a cikinsu suka fito bayan ranar jan zaren nan, ranar da mai tabarau ya ce in ga likita na ce bayan sallah. An kuma ga bitamin D ɗina ya yi ƙasa ƙwarai, abin dariya a garin da rana ke fasa dutse, amma wace ce a cikinmu ke shiga ranar? Daga ɗaki sai mota, daga mota sai inuwa.

Uwar mijina ba ta ce komai a kan maganar jikin madara ba, ni ma ban tayar ba. Sai dai tun daga lokacin, in azahar ta yi takan aiko a ɗauki yaran, ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce ta kwanta." Gwaggo kuwa har yau ba ta sauka daga kan bakanta ba, ta ce da ba ta gasa ni ba da abin ya fi haka. Na bar ta a kan haka.

Na mayar da ɗinkina sassafe, daga asuba zuwa ƙarfe 10, kafin gari ya ɗau zafi. Girkin rana na koma yin sa da dare. Da ruwa mai sanyi nake wanka ko da hunturu. Harami sai bayan tsakar dare, kuma ranar da ƙafa ta ƙi, ina hawa keken turawa in yi sa'ayina, na daina jin kunyar masu kallon mace mai ƙuruciya a kai. Ina da ɗan littafi a aljihun keken ɗinki, cikin wanda nake rubuta awon mutane. Shafukan baya na jikina ne, rana kaza abu kaza ya fara, rana kaza ya tafi, har da na fitsarin, in na je ganin likita in miƙa mata.

Kwanakin baya wata yarinya da ke koyon ɗinki a wajena ta ce hannunta na dama ya yi mako guda kamar ba nata ba, allura tana faɗuwa ba ta ji. Uwarta ta ce sanyi ne. Na ce mata zai iya zama kwanciya a kan hannu, zai iya zama jijiyar wuyan hannu ce ta matse saboda almakashi, abubuwa da yawa suna kawo haka, ni ba likita ba ce. Amma na zaunar da ita na yi mata tambayoyin da aka yi mini, tun daga ido har ruwan zafi, na sa ta rubuta amsoshin a takarda ɗaya, na kira uwar na ce, "Hajiya, don Allah ko ya tafi kafin ranar, ku je." Sun sa rana Lahadi mai zuwa.

Idon hagun bai dawo da ja yadda yake ba. Sauran launuka lafiya, ja ne kawai ya zauna a koɗe. In aka kawo jan yadi, babban ɗana nake kira ya zaɓo mini zare, ya jera uku a kan yadin ya nuna ɗaya, ni kuma in rufe idon hagu in tabbatar.